Ɗan'uwa Ke Riƙewa

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma kowannenmu zai koma a ranar da aka rubuta masa. Ranar yayata ta zo a Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, a asibitin da ta yi wa aiki fiye da shekara ashirin a ɗakin ɗaukar hoton marasa lafiya. Ta rasu tana da shekara hamsin da biyu, bayan doguwar jinyar ciwon daji. Ta bar mahaifiyarmu, da mijinta, da 'ya'yanta maza biyu, da ni, autar ɗakinmu.

Ba ni na sanar da mutane ba, ni aka sanar wa. Na sauka ƙasa ne in karɓo mata magani, ina cikin layi sai wayata ta yi ƙara. Abokiyar aikinta ce, wadda kowa a asibitin ke kira Maman Biyu. Ta ce in bar layin in hau sama. Daga yadda ta faɗi maganar na san maganin ba shi da sauran amfani. Ita ce a gefen gadon, ita ta laƙanta mata kalmar shahada, ita ta rufe mata ido. Allah Ya saka mata da alheri. Da gaske nake wannan addu'a, ko da yake sai da na maimaita ta sau da yawa kafin zuciyata ta bi bakina.

Yaya, kin san ni ba marubuciya ba ce. Takardun wasu nake bugawa a ofishin makaranta, sai ɗan littafin da nake rubuta abin da ya same ni kowace rana tun ina sakandare, wanda kike yi wa dariya kina kira rahoton yanayi. Wannan rubutun na fara na yage, na sake farawa na sake yagewa, domin duk lokacin da na zauna in yabe ki sai alƙalamin ya karkata wajen wata mace. Yanzu na ƙyale shi ya karkata. Ke ma ba kya son hoton da aka yi wa gyara.

Ina tuna ranar da na fara jin kalmar. Umma ce ta aike ni wurinki da wani saƙo, na zauna a bencin da ke gaban ɗakinku ina jira. Duk wanda ya taɓa zuwa ya san wurin: ƙofa mai nauyi da sai an sa kafaɗa, jar fitila a samanta wadda idan ta kama ba mai shiga, da zanen mace mai ciki an manna a bango. Fitilar ta mutu, ƙofar ta buɗe, kika leƙo kika ce, "Ƙanwata!" Na miƙe da sauri har jakata ta faɗi. Sai wata doguwar mace cikin farar riga ta wuce ta gabana tana amsawa. Sabuwar ma'aikaciya ce da aka ba ki ki koya wa aiki, wadda daga baya ake kira Maman Biyu. Bayan ta shige ne kika gan ni, kika ce, "Af, Auta, ashe kin iso."

Ni Auta ce a bakinki tun ina rarrafe har kika bar duniya. Ba na ƙin sunan, amma Auta ba ya nuna ke wace ce a wurin mai kiran, yana nuna inda kika faɗo a layi ne kawai. Ita kuwa da na girme ta da shekara biyu, wadda ba ta sha nonon da muka sha ba, ba ta kwana a katifar da muka kwana muna rigimar bargo ba, ita ce ta samu kalmar da na ɗauka tawa ce. Wataƙila ƙaramin abu ne. Na sha gaya wa kaina haka. Shekara goma sha biyar ke nan ina gaya wa kaina.

Bari in faɗi wace ce ke, don waɗanda ba su san ki ba, kada in cika takardar da kaina.

Mutane suna zuwa ɗakinki da kalma ɗaya a bakinsu: hoto. An ce su zo a yi musu hoto. Kin sha cewa wannan kalma ce babbar matsalar aikinku, domin mutum yana jin hoto sai ya tuna na biki, wanda ake yi sau goma a zaɓi ɗaya. Akwai dattijon da ya zo da rigarsa mafi kyau da sabuwar hula, ya fesa turare. Da kika ce ya tuɓe rigar ya juya ya manna ƙirjinsa da allo, sai ya tsaya yana kallonki, ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai hoton da ke ɗaukar ƙeyar mutum ba. Kika ce masa, "Baba, mu nan cikin mutum muke ɗauka, don shi ne ba ya kwalliya." Ya yi dariya har tarinsa ya tashi, daga baya ya roƙi a ba shi kwafi biyu, ɗaya zai aika wa ɗansa.

Ba kya ɗaukar mace sai kin tambaye ta, "Akwai ciki?" Ba kya tsallake kowa. Har wata kaka da aka turo a keke kika tambaya, ta ɗago ta ce miki, "'Yar nan, in akwai, ai ba hoto za a yi ba, shela za a yi." Wannan labarin kin ba mu shi a falon Umma ya fi a ƙirga, kuma kowane lokaci ke ce ke fara dariya kafin ki kai ƙarshe.

Amma a ƙarƙashin wasan akwai abin da ba kya wasa da shi. Kin bayyana mana shi a gida tun muna ɗauka tsoratarwa ce. Na'urar tana harba wani haske ne da ido ba ya gani, jiki kuma ba ya ji, ya ratsa tsoka ya bar inuwar ƙashi. Hoton ƙirji guda ɗaya haskensa kaɗan ne ƙwarai. Babbar na'urar mai kama da zobe, wadda kuke kira siti, ita kuma tana zuba wa mutum ninkin-ba-ninkin na wancan a shiga ɗaya. Jikin yaro da ɗan tayi sun fi na babba jin sa. Kuma abin yana taruwa. Kina kwatanta shi da zanen da ake shanyawa a rana: shanya ɗaya ba ta koɗar da shi, amma zanen yana riƙe da kowace shanya, wata rana sai a ga launin ya tafi ba a san ranar da ya fara ba. Haɗarin da yake ƙarawa na ciwon daji bayan shekaru ba shi da yawa, kin ce, amma ba babu ba ne. Don haka hoton da likita ke bukata a yi shi ba tsoro, wanda kuwa don kwanciyar hankali kawai ake nema, a nemi kwanciyar hankalin a wani wurin.

Wani mai babban kanti ya taɓa zuwa, amininsa ya faɗi ya mutu ba ciwo ba komai, shi kuma tsoro ya kama shi. Ya ce yana so a riƙa sa shi a siti daga kai zuwa ƙafa duk wata. Ba ki kore shi ba. Kin zaunar da shi a ɗan ofishinku, kin haɗa masa shayi, kin bar shi ya yi maganar amininsa har ya gaji, sannan kika raka shi da ƙafarki wurin likita aka auna jininsa. Hawan jini aka samu, abin da zoben ba zai taɓa nuna masa ba. Ya zo gaisuwa, Yaya. Ya zauna a bakin ƙofa yana yi miki addu'a.

Akwai kuma ƙa'idarki da duk wanda ya kawo yaro ko tsoho ya sani. Idan mara lafiya ba zai iya tsayawa cak ba, sai wani ya sa rigar dalma, wato rigar nan mai nauyi da ke tare hasken, ya shiga ya riƙe shi. Iyaye maza sukan nuna ma'aikaciya su ce ta riƙe, ai aikinta ne. Ke kuma sai ki ciro rigar daga ƙugiya ki ɗora wa uban a kafaɗa ki ce, "Ɗan'uwa ke riƙewa." Dalilinki shi ne ma'aikaci kullum yana kusa da hasken, shekara da shekaru, shi ya sa ma kowannenku ke maƙale da ɗan bajo a ƙirji da ake aikawa a auna abin da ya sha. Ɗan'uwa kuwa sau ɗaya zai shiga ya tafi gida. Na ji kin faɗi wannan magana sau da dama daga kan bencina, ban taɓa tunanin wata rana da ni za a yi ta ba.

Duk wannan alherin kowa ya samu. Maƙwabta, dangin mijinki, iyayen ɗaliban makarantarmu da nake turo miki. Ni kaɗai ce na yi shekaru ina roƙon hoto ana hana ni. Ina da shekara ashirin da 'yan kai na yi hatsarin mota, aka yi mini hotuna da yawa, har sau biyu aka sa ni a zoben. Na warke, amma tsoro bai warke ba. Bayana ya riƙe, in zo wurinki. Cikina ya murɗa, in zo wurinki. Amsarki ɗaya ce: "Kin sha rabonki, Auta. Je ki ga likita, in ya rubuta, da hannuna zan yi miki." Likitan kuma ba ya rubutawa, ko ya tura ni sikanin da ake shafa wa mutum man nan mai sanyi a ciki, wanda kika ce da sauti yake aiki ba da haske ba. Ni a lokacin gani nake an ba ni na marasa gata. Har na yi zargin kina riga ni zuwa wurin likitan ta ƙofar baya. Har yau ban tabbata ba ki yi hakan ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne na 'yata. Tana da shekara shida ta gangaro daga matattakala, goshinta ya kumbura kamar ƙwai. Likita ya ce in hankalinmu bai kwanta ba ana iya sa ta a siti. Kika zo da rigar aiki, kika durƙusa a gabanta, kika tambaye ta sunan malamarsu da abin da ta ci da safe, kika tambaye ni ko ta suma, ko ta yi amai. Kuka koma gefe da likitan kuka yi ƙus-ƙus, kuka dawo kuka ce a zauna a sa mata ido, in ba abin da ya canza mu tafi gida. Muka tafi gida. A cikin shekarar nan ɗaya daga 'yan biyun abokiyar aikinki ya faɗo daga keke, aka ce ke da kanki kika tura gadonsa da gudu zuwa cikin ɗakin. Na ce wa Umma ɗan ƙanwarki ya shiga na'ura, 'yar Auta kuwa an ce a sa mata ƙanƙara. Umma ba ta iya riƙe magana, ta kai miki.

Kika zo ofishina lokacin tara, kika zauna a kujerar da iyayen yara ke zama. Ba ki yi faɗa ba. Kin ce yaron ya yi ta amai, ya kalli uwarsa bai gane ta ba, kuma hoton ya nuna jini ya taru a cikin kansa, sai da aka yi masa aiki a ranar. Sannan kika ce, "Ki gode wa Allah da 'yarki ba ta cancanci na'urata ba." Na gane. Wallahi kaina ya gane, na kuma ji kunya. Amma da kika tashi tafiya wayarki ta yi ƙara, kika ɗauka kika ce, "Ƙanwata, ya jikin nasa?" sai duk abin da na gane ya koma inda ya fito.

Da ciwon ya zo miki, ita ta fara sani. Kin ji ƙullutu a nono, kika gaya mata, ita ta ɗauki hoton farko, ita ta sa ki a zoben, ita ta zauna a bayan gilashi tana kallon abin da ke cikin ƙirjinki yana fitowa a allo, alhali ni ina ofis ina buga jarrabawar yara ban ma san kina ciwo ba. Makonni kuka yi kuna riƙe da maganar ku biyu. Na lura idan na shigo falon Umma kuna yin shiru. Na lura ita ke ɗaukar miki jaka. Na ɗauka irin abin da na saba gani ne, na ƙara tsuke bakina. Ranar da kika gaya mana, tana zaune a gefenki, da numfashinki ya gaza ita ta ƙarasa bayanin, tana faɗin sunayen magunguna kamar tana karanta sunayen 'ya'yanta. Na tambaye ki me ya sa ni ce ta ƙarshen ji. Kika ce, "Ke da ciwon kai ke sa ki rubuta wasiyya, in gaya miki wannan tun ba a tabbatar ba?" Kowa ya yi dariya, har Umma da hawaye a fuskarta. Ni ma na yi. Gaskiya kika faɗa, kuma gaskiyar ba ta rage mini komai ba.

Daga nan ke da kika yi rayuwarki kina tsare mutane daga hasken, kika koma shiga zoben a kai a kai, domin likitoci su ga ko maganin yana ci. Na taɓa tambayarki ko ba ƙara wa kanki kike yi ba. Kika kalle ni kika ce, "Haɗarinsa na nan da shekara ashirin ne, Auta. Allah Ya kai ni in gan shi." Duk zuwan da kika yi ina raka ki, in zauna a bencina a ƙarƙashin jar fitila da takalmanki a cinyata, ita kuma ta shige da ke ta rufe ƙofa.

Sai hoton ƙarshe, a watan Fabrairu. Ciwon ya riga ya shiga ƙashi. Ana bukatar ki ɗaga hannuwanki sama da kanki ki bar su a can har a gama, ke kuma kafaɗunki ba sa yarda, da kin ɗaga sai su zame. Fitilar ba ta kama ba tukuna, ƙofar kuma ba a rufe ta duka ba, don haka na ji komai. Na ji Maman Biyu ta ce wa wani abokin aikinsu ya zauna a wurin maɓallan, ita za ta shiga ta riƙe ki. Na ji ƙarar ƙugiya da ta ciro rigar. Sai na ji muryarki, ƙasa-ƙasa, amma irin ta aiki, wadda na san ta tun daga kan benci.

"Mayar da rigar nan. Ke ma'aikaciya ce. Ɗan'uwa ke riƙewa. Kira mini Auta."

Wannan karon ban miƙe da sauri ba. Na jira har ta fito ta kira ni da bakinta.

Ita ta sa mini rigar. Ban san tana da nauyi haka ba, kamar an ɗora mini yaro a kowace kafaɗa. Ta ɗaura mini wani abu a wuya, ta nuna mini inda zan tsaya, ta bayan zoben, wajen kanki. Ɗakin da sanyi, ke kuma kin zama 'yar ƙarama a kan gadon. Kika juyo da ido kika dube ni daga sama har ƙasa, kika ce, "Akwai ciki?" Na ce haba Yaya, a wannan shekarun nawa? Kika ce ƙa'ida ce, in amsa. Na ce babu. Kika miƙo hannuwanki na kama wuyan hannun, yatsuna suka zagaye su har suka haɗu.

Muryar Maman Biyu ta fito ta lasifika daga bayan gilashi: ja numfashi, riƙe, kar a motsa. Gadon ya shiga da ke a hankali, zoben ya fara gurnani. Ni ma na riƙe nawa numfashin ba wanda ya sa ni. Hannuwanki suna so su zame, na hana su. Da ta ce a saki, sai da kika huta sannan kika ce mini, idonki a rufe, "Kin ga amfanin tattali? Da na bar ki kin ƙarar da rabonki a kan ciwon baya, yau wa zai riƙe ni?"

Na fita daga asibitin ranar nan kamar an yi mini albishir, Allah Ya yafe mini, alhali hoton da aka ɗauka ba alheri ya nuna ba. A gaban abokan aikinki kin raba mu, kin ce ita ma'aikaciya ce, ni ce 'yar'uwa. Farin cikin ya raka ni har cikin motar haya. Kafin in sauka kuwa tunanin da na saba ya shigo ya zauna kusa da ni. Ya ce: wa aka kare a ɗakin nan? Wa aka ce ta mayar da riga ta koma bayan gilashi inda haske ba ya kaiwa, wa kuma aka tsayar a bakin zoben? Na san abin da na sha a ranar bai taka kara ya karya ba, da riga a jikina, sau ɗaya tak. Ba tsoron hasken nake ba. So nake in san ko zaɓa ta kika yi, ko ita kika tausaya wa. Na yi niyyar tambayarki. Kullum sai in ga kin gaji, in ce gobe.

A zaman makoki mun haɗu da Maman Biyu a kicin muna wanke kofuna, mu biyu kaɗai. A falo mata suna ta raɗa cewa na'urar ce ta cinye ki. Na tambaye ta kai tsaye ko haka ne. Ta ce bajonki bai taɓa nuna kin kusa iyakar da aka sa ba, kin fi kowa kiyayewa, kuma likitoci sun ce ba wanda zai iya nuna abu ɗaya ya ce shi ne. Ta tuna mini cewa gwaggonmu ma irin wannan ciwon ne ya ɗauke ta, ita da ba ta taɓa aikin asibiti ba. Ruwa yana zuba a kan kofin da ke hannunta, sai ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Shekara goma sha biyar tana ce mini ƙanwata. Da aka zo wurin riƙewa sai ta ce ni ma'aikaciya ce. Ina kallonku ta gilashi, na ji kamar in cire bajon nan in jefar."

Na karɓi kofin na goge. Ashe duk shekarun nan da nake kan benci ina kallon ƙofa, ban taɓa tunanin yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren ba. Zan so in ce kishin ya tafi a wurin. Bai tafi ba. Har yanzu idan na tuna ita ce ta rufe miki ido ina layin magani, sai in ajiye abin da ke hannuna. Abin da ya canza kawai shi ne na san ba ni kaɗai kika bari da tambaya ba, kuma da magana ɗaya kika bar mu da ita mu biyu.

Akwai saƙon da kika ba ni tun kina iya zama, kika ce in isar idan mutane suka fara magana, ga shi kuwa sun fara. Kin ce kada a bari a ce na'ura ce ta kashe ki, domin wani zai ji ya ƙi zuwa hoton da likita ya rubuta masa, ya mutu da abin da ake iya gani a cire. Kin ce a tuna da yaron da ya faɗo daga keke, wanda yanzu ya fi uwarsa tsawo. Kin kuma ce kada a mayar da hoto abin marmari: mutum ya tambayi likita ko dole ne, ya faɗi hotunan da aka taɓa yi masa, mace ta faɗi in tana zaton ciki ko ba a tambaye ta ba, kuma a yi wa yara tattali. Na isar, Yaya. Ban ƙara ba, ina fata ban rage ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah Ya sa jinyar da kika sha ta zama kankarar zunubi. Yadda kika tsaya tsakanin bayinSa da abin da zai cutar da su ba su ma san kin tsaya ba, Allah Ya tsaya miki ranar da ba mai tsaya wa wani. Ya yalwata kabarinki, Ya cika shi da hasken da ba ya cutarwa, wanda ba a sa masa rigar dalma.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ma'aikatan ɗakin hoto da duk asibitin, da marasa lafiyar da suka zo gaisuwa ba mu ma san su ba. Ga Umma, wadda ta binne 'yar da take zaton ita za ta binne ta, Allah Ya ba ki haƙurin da ya fi namu. Ga mijinki, da ya yi jinyarki bai taɓa ɗaga murya ba, da 'ya'yanki biyu, Allah Ya albarkaci bayanki a kansu. Ga ni kaina.

Saura mutum ɗaya. Na daɗe da takardar nan a gabana ina tunanin inda zan sa ki, Maman Biyu, cikin ma'aikata ko cikin dangi. Sau ɗaya Yaya ta ce ke ma'aikaciya ce, sau ba adadi ta ce ke ƙanwarta ce, ni kuma ba zan yi gardama da mamaciya ba. Na sa ki a cikin dangi. Amma a bayana na sa ki, don na girme ki, kuma don hannuna bai yarda ya sa ki a gaba ba. Sai da na rubuta na lura da abin da hakan ya jawo: in akwai wata a bayana, to ni ba Auta ba ce kuma. Ke ce autar. Ni ƙanwarta ce.

Allah Ya ba mu haƙuri mu duka, Ya sada mu da ita a gidan da ba a rufe wa kowa ƙofa. Amin.